Sarkin da Ya Cire Hula Ya Bar Takalmi

A bara, lokacin ina aji takwas, na fi sanin takalman malamaina fiye da fuskokinsu. Malamin lissafi baƙin takalmi gare shi, dunduniyar hagu ta fi ta dama cinyewa. Malamar tarihi kuwa takalmi ɗaya take sawa tun farkon zango har sanyi ya shigo, ruwan ƙasa mai igiya, kuma igiyar ƙafar dama ta taɓa tsinkewa an ƙulla ta. Ba da gangan na haddace su ba. A gidanmu da ke Greenbelt a Amurka, idan babba yana magana ƙasa ake kallo. A makaranta kuwa, abin da ke ƙasa takalmi ne.

Ajin tarihi shi ne ajin da nake jira kullum. A wancan zangon muna kan Turai ta da, zamanin sarakuna da manyan majami'u, kafin a ƙera injin buga littafi. Malama takan kashe fitila ta haska mana hotuna a allo: tagogin gilashi masu launi, littattafan da aka rubuta da hannu aka yi wa gefensu ado, sarakuna kwance an sassaƙa su da dutse a kan kaburburansu, hannuwa a haɗe, ɗan kare a ƙafafunsu. Ina son karen. Yawancin tambayoyin da take yi na san amsarsu, amma hannuna ba ya tashi. Sai in faɗi amsar a zuci, in jira wani ya faɗa.

Wata rana bayan an tashi ta ce in tsaya. Ta gaya mini cewa a babbar sakandare akwai ajin tarihi na musamman, kuma ba a shiga sai malamin aji takwas ya ba da sunan ɗalibi. Na riga na sani. Tun farkon shekara nake tunanin ajin nan, ban gaya wa kowa ba.

"Rubutunki ya fi na kowa a ajin nan," in ji ta. "Amma wancan ajin rabinsa muhawara ce. Ni kuwa ban san muryarki ba. Idan ina miki magana sai ki kalli ƙasa, kamar kin ƙosa in gama ki tafi."

Maganar ta soke ni. Ta ce aikin ƙarshen zango shi ne kowa ya zaɓi zane ɗaya na wancan zamanin wanda akwai sarki a ciki, ya je ya gan shi da idonsa a gidan adana zane-zane, ya dawo ya yi bayani a gaban aji. Idan na tsaya na yi magana har aka ji ni, za ta ba da sunana. Idan na kasa, ba za ta iya ba.

Na ce wa ƙullin igiyar takalminta, "To."

A lokacin kakata ta wajen uba tana gidanmu. Hajiya muke ce mata. Daga Kano ta zo aka yi mata aikin ido, aka cire yanar da ta daɗe tana damun ta, likita ya ce ta zauna sai an tabbatar ya warke. Tun da aka buɗe mata idon ba wanda ya huta. Ta ga ƙurar da ke bayan talabijin. Ta ga furfura a gemun Baba. Ta ga cewa labulen falo da ta daɗe tana yabawa ashe ba kore ba ne, ta ce an cuce ta.

Ranar Asabar Baba ya ce zai kai ni. Muna sa rigunan sanyi sai Hajiya ta fito daga ɗaki da carbi a hannu.

"Ina zuwa ba sallama?"

"Gidan hotuna za mu, Hajiya," in ji Baba, yana ɗan rusunawa. "Aikin makaranta ne. Amma fa galibinsu hotunan coci ne."

Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta ma cika yi masa magana kai tsaye ba. Ni ta kalla.

"Baturiyata, bauta musu za ku yi?"

"A'a, Hajiya. Kallo ne kawai."

"To ɗauko min mayafina. Na gaji da kallon motocin maƙwabta." Ta sake kallona. "An ce har annabawa suke zanawa?"

Na ce e.

"Wannan kam ba zan kalla ba. Sauran kuwa sai na gani, idona sabo ne."

A tashar Greenbelt muka hau jirgin ƙasa. Hajiya ta zauna bakin taga, tana lissafa mini bishiyoyin da ta ce sun mutu, ina gaya mata sanyi ne, za su farfaɗo. Da jirgin ya shiga ƙarƙashin ƙasa ta yi salati ta kama hannuna, ba ta sake shi ba har muka fito tsakiyar Washington.

Ɗakunan da muka nufa ba su da hayaniya. Abin da ya fara cika mini ido shi ne zinariya. A allon aji launin rawaya kawai nake gani, amma a nan sai na ga tana motsi: in ka matsa hagu ta yi duhu, in ka dawo dama ta kama haske. Malama ta gaya mana ba fenti ba ne, zinariya ce da aka bubbuge har ta fi ɓawon albasa siranta, aka manna a kan katako. A cikin majami'u masu duhu aka yi su su zauna, inda hasken kyandir ne kawai ke taɓa su. Na matsa kusa. A kewayen kawunan mutanen akwai ƙananan ɗigo-ɗigo da aka buga da tsinken ƙarfe, ɗaya bayan ɗaya, wasu sun ɗan kauce layi. Fentin ya tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. A gefen wani katakon har da ramukan da ƙwari suka ci. Na ji daɗin ganin ɗigon da ya kauce. Wani mutum ne ya zauna ya yi su, kuma hannunsa ya gaji.

Baba ya tsaya a baya yana karanta bayanin kowane zane, kamar yadda yake karanta takardar magani. Ni da Hajiya muka yi gaba muna neman sarki.

Na san inda zan duba. Malama ta koya mana cewa sarakunan wancan zamanin sukan sa a yi zane a ba majami'a kyauta, mai zanen kuma ya saka su a ciki, a lungu, ƙanana. Na bi lungunan zane-zanen ɗaya bayan ɗaya har na same shi.

Katakon bai fi faifan tuwo biyu girma ba. A tsakiya akwai matar da Kiristoci ke kira uwar Almasihu, zaune a kan kujera, sanye da shuɗin mayafi, jariri a cinyarta. Can ƙasa ta hagu, wani mutum ya durƙusa, tsayinsa duka bai kai gwiwarta ba. Alkyabbarsa shuɗiya ce da ƙananan furannin zinariya. Bayanin da ke bango ya ce ana zaton ɗaya daga cikin sarakunan Faransa ne, kuma ba a san sunan wanda ya yi zanen ba.

Hajiya ta ja gefen mayafinta ta kare fuskarta ta dama, don kada idonta ya faɗa kan uwar da jaririn. Abin da ya rage mata na kallo shi ne lungun hagu kawai. Ta duƙa.

"Wannan ɗan tsugunnon fa?"

"Sarki ne, Hajiya."

"Sarki? Ina rawaninsa?"

"Ba rawani suke naɗawa ba, hular zinariya ce. Ga ta nan a ƙasa, kusa da gwiwarsa. Ya cire."

Ta ƙara duƙawa har hancinta ya kusa taɓa katakon. Mai gadin ɗakin ya yi gyaran murya. Na ja ta baya kaɗan.

"Ke, matso. Mene ne wancan ja a bayansa?"

Ban lura da shi ba sai da ta nuna. Daga ƙarƙashin alkyabbar, ƙafafunsa biyu sun leƙo ta baya, cikin jan takalmi mai dogon baki, siriri kamar kuɓewa.

"Takalmi ne."

Hajiya ta miƙe ta riƙe haɓa.

"Ikon Allah. Ya zo gaida na gaba da shi, ya tuɓe hula ya bar takalmi? Kai a buɗe kamar wanda za a yi wa aski! Wa ya raine shi?"

Baba ya iso daidai lokacin, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Hajiya, ai su haka suke. Hula suke cirewa don girmamawa, takalmi kuwa ba ruwansu."

"Gaya wa ubanki ban tambaye shi ba."

Na gaya masa, ko da yake ya ji. Ya koma kan karatunsa.

Hajiya ba ta bar wurin ba. Ta ci gaba da duba sarkin kamar yadda take duba shinkafa kafin a dafa. Can ta ce, a hankali, "Amma dai ya iya durƙuso. Gwiwa biyu a ƙasa. Kuma dubi idonsa."

Na duba. Fuskarsa a gefe take, ido ɗaya ake gani, ƙwayar idon ɗigon baƙi ne da bai fi ƙwayar gero ba. Ya ɗaga hannuwansa a haɗe, amma idon bai bi su sama ba. Na bi shi da yatsa a iska, ba tare da na taɓa ba. Inda ya sauka shi ne gefen shuɗin mayafin, wurin da ya taɓa ƙasa.

"Bai kalli fuskarta ba," na ce.

"To kin gani. Da sauransa. An yi masa tarbiyya, amma rabi."

Ta nemi benci ta zauna tana jan carbi, ta juya wa zane-zanen baya. Ni na tsaya. Mutumin nan kowa a ƙasarsa shi yake sunkuyar wa kai. Shi ya ba da umarni a yi zanen, da ya ga dama da an zana shi yana kallon duk inda yake so. Amma ya yarda a ajiye shi a lungu yana kallon ƙasa, kuma ya shafe ɗaruruwan shekaru a haka. Ba wanda zai wuce ya ce ya ƙosa ne a gama ya tafi.

Don in tabbatar, na zaga ɗakin na duba sauran masu durƙuso. Ba dukansu ne haka ba. Wani attajiri yana kallon fuskar waliyyinsa kai tsaye. Wata sarauniya ba ta kallon kowa, idonta ya wuce su duka ya tafi wani wuri. Na dawo wurin nawa. Na zana takalmansa a bayan hannuna da biro, don ban zo da takarda ba.

A makon da ya biyo na shirya bayanina yadda ake so. Na rubuta cewa ana shafa wa sarakunan nan mai a majami'a ranar naɗinsu, suna cewa Allah ne ya ba su mulki, shi ya sa yake da muhimmanci jama'a su gan su a durƙushe. Na rubuta cewa shuɗin mayafin daga wani dutse aka niƙa shi, wanda ake ɗaukowa daga ƙasa mai nisa, kuma da ƙwanduwar ƙwai ake kwaɓa fentin. Maganar Hajiya ban sa ta ba. Na ga ba irin maganar makaranta ba ce. Baba ya ba ni dabara: in kalli agogon da ke bangon baya, kowa zai ɗauka shi nake kallo. Na gwada a falo da agogonmu, ya yi.

Ranar bayanin, Malama ta kashe fitila ta haska zanen a allo. Sarkin da bai kai tafin hannuna ba ya zama kusan tsayina. Na tsaya a gefensa. Na kalli agogo. Tsinkensa yana tafiya, ni kuwa jimlata ta farko ta gudu. Na san da maganar man naɗi take farawa, amma ta ƙi fitowa. Wani ya yi tari. Kujera ta yi ƙara. Na ji wuyana yana saukowa da kansa, kamar yadda ya saba, har idona ya bar agogon ya dawo ƙasa.

A ƙasa akwai takalman 'yan ajinmu a jere ƙarƙashin tebura, wasu farare, wasu igiya a kwance. A gefe, na Malama, ruwan ƙasan nan mai ƙulli. Na san cewa idan shirun ya ƙara tsawo za ta ce in zauna, cikin tausayi, kuma shi ke nan.

Na ce, "Ku dubi takalmansa."

Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito. Na juya na nuna su a allo. Na ce kakata ce ta fara ganinsu, domin ta ƙi kallon tsakiyar zanen, a addininmu ba ma zana annabawa. Na faɗa musu abin da ta ce, na juya shi zuwa Turanci yadda na iya, har da maganar aski da wa ya raine shi. Ajin ya fashe da dariya. Na saurara da kyau, don na san bambancin dariyar da ake yi maka da wadda ake yi tare da kai. Ta biyun ce.

Na bayyana cewa a wurinmu idan za ka gaida babba, takalmi kake cirewa a bakin ƙofa, hula kuwa ka gyara mata zama. Wata yarinya da iyayenta suka zo daga Habasha ta ɗaga hannu ta ce su ma a cocinsu takalmi suke cirewa. Wani yaro ya ce kakansa da mari yake cire masa hula idan sun shiga coci. Aka sake dariya. Daga nan sai sauran bayanin ya dawo mini da kansa, man naɗi, da shuɗin dutse, da ƙwanduwar ƙwai, da dalilin da ya sa aka yi shi ƙarami. A ƙarshe na roƙi Malama ta ƙara girman fuskarsa, na nuna musu ɗigon idon da inda ya sauka.

"Ta yaya kika san girmamawa ce?" in ji Malama daga inda take tsaye. "Wataƙila tsoro ne. Wataƙila ma mai zanen ne bai iya ido ba."

Tambaya ce irin ta ajin muhawara, na gane. Na ce mai zanen da ya iya furannin alkyabba ɗaya bayan ɗaya ba zai kasa ɗigo ɗaya ba. Na ce a ɗakin akwai waɗanda aka zana suna kallon fuska, don haka zaɓi ne. Sai na ƙara abin da ban shirya ba.

"Kuma haka muke yi a gida. Wanda ka fi girmamawa, shi ne ba ka kallon idonsa."

Na ga ƙafar Malama ta dama ta ɗan ja baya, ƙullin ya ɓuya a bayan ƙafar tebur. Aka kunna fitila, na koma mazaunina.

Bayan an tashi ta sake cewa in tsaya.

"Tun farkon shekara?" ta tambaya.

"E, Malama."

"Ni kuwa na ɗauka ba kya son ajina."

Wannan maganar ce ta sa na ɗaga kai, don ban san wata hanyar da zan musa ta ba. Ban daɗe ba. Idanunta toka-toka ne, kuma akwai ɗan tabo a girarta ta hagu. Wata da watanni ina ajinta ban sani ba.

Ta ce za ta ba da sunana. Ta ce amma makin kallon masu sauraro ba za ta ƙara mini ba, don ban kalle su ba, kuma a can babbar sakandare ba kowane malami ne zai tsaya ya ji labarin takalmi ba. "Ki riƙa ara mana idon nan ko kaɗan ne," in ji ta. Na ce to. Wannan karon girarta na gaya wa.

Yanzu ina cikin ajin. Malaminmu namiji ne mai saurin magana, kuma na koyi kallon tsakanin girarsa idan ya kira ni. Har yau yana yi mini nauyi, kamar rubutu da hannun hagu. Idan na dawo gida na cire takalmi a bakin ƙofa, idona yakan koma inda ya saba, in ji na huta.

Hajiya ta koma Kano kafin bishiyoyin su gama farfaɗowa, don haka har yanzu ba ta yarda ba mutuwa suka yi ba. Da hutun bazara na sake zuwa gidan zane-zanen ni kaɗai, na tsaya a gaban katakon. An ɗan matsar da shi kusa da ƙofa, hasken ya fi kama hular da ke ƙasa. Ranar Lahadi da Baba ya kira Hajiya a waya, aka miƙo mini muka gaisa, na gaya mata na je.

"Ina mutumina?" ta ce. "Ya cire takalman?"

"Yana nan da su, Hajiya."

"To, Allah ya shirye shi. Ba ubanki wayar."